Bahaguwa a Ɗakin Allura

Ni bahaguwa ce, kuma hakan bai taɓa zame mini abin magana ba sai da na shiga makarantar koyon aikin jinya a Dogon Dutsi. A ƙauyenmu, can gefen Ɗan Kassari, tun ina ƙarama aka raba wa hannuwana aiki, kowa ya zauna lafiya. Na dama ya ɗauki cin tuwo da gaisuwa da karɓar saƙo daga manya, daga baya ya ɗauki alƙalami, don malaminmu na firamare bai san wasa ba. Duk abin da ke son natsuwa kuwa na hagu ke yi. Da shi nake zura zare a allura, da shi nake cire wa ƙannena ƙaya a tafin ƙafa, kuma ba wanda ya taɓa cewa ƙayar ba ta fita ba don da hagu aka ciro ta.

Karatun aji bai ba ni tsoro ba. Faransanci ne da haddar sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi, a aji mai rufin kwano da ke dafa mutum tun hantsi. Na sha wuya kamar kowa, na yi barci a kan littafi kamar kowa. Tawa wahalar ta daban ta fara ne ranar da aka kai mu ɗakin gwaji, inda ake koyon allura da sa ƙarin ruwa a jikin wani hannun roba da ya sha suka har ya yi baƙi.

Mai koya mana aikin hannu wata dattijuwa ce da ta yi aiki a ƙauyukan Arewa tun kafin a haife mu. Madam muke ce mata. Ba ta da tsawo, ba ta ɗaga murya, amma in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna laifin da ka yi bara. Da layi ya zo kaina na miƙa hannu na ɗauki allura.

"Ke, wane hannu na wanga?" in ji ta.

"Hagu na, Madam."

"Aje. Nan ba gyaran ƙwarya mu kai ba. Ɗauka da dama."

'Yan aji suka yi dariya. Bayan an tashi Madam ta tsayar da ni, ta faɗa mini dalilinta, kuma ba zan yi mata ƙarya ba, dalili ne mai nauyi. Ta ce a wani ƙauye ta taɓa ganin magidanci ya watsar da ƙwayoyin magani a ƙasa don an miƙo masa da hagu, ya ɗauki matarsa da ciwonta ya koma gida. Ta ce, "Mai ciwo ba ya gardama da ke. Tashi shi kai, shi tahi gida shi kwanta. In ya mutu, wa ya kashe shi?" Na ce to, na koma koyo da dama.

A jikin roba abin ya tafi daidai, don roba ba ta motsi, ba ta kuma cewa wash. Da aka ce mu fara gwadawa a jikin junanmu sai asirina ya tonu. Hannun damana ya san hanya, amma ba ya jin inda jijiya take. Sai in shiga in wuce, ko in tsaya ban kai ba. Ƙawata da muke zama benci ɗaya, wata Kirista 'yar unguwar mishan, ita ta ba ni aron hannunta, kuma ta yi nadama. Duk gwiwar hannunta ta yi tabo shuɗi-shuɗi. Takan miƙo mini tana cewa, "Ga shi, ƙarasa shi. In kin gama sai ki kai ni gidan likita da kanki, ki ce kare ya cije ni." Muna dariya, amma ni dariyar ba ta kai mini ciki ba.

Jarrabawar aikin hannu ta ƙarshen shekara ta biyu na faɗi, kuma a kan sa ƙarin ruwa na faɗi. Dokar makarantar ita ce a ba mutum dama ta biyu bayan ya dawo daga istaj, wato zaman koyon aiki da ake tura mu gidajen likita na ƙauye. Wanda ya sake faɗuwa sai ya kwashe kayansa. Ni kuwa duk ƙauyenmu an riga an ga farar rigata a kan igiyar shanya. In na je hutu, mata kan kawo mini 'ya'yansu in taɓa musu goshi. Tunanin in koma can in ce musu an sallame ni saboda hannu, shi ya fi komai cin raina.

Da damina aka tura ni istaj wani ƙauye a yankin Kiéché. Gidan likitan wurin ɗaki biyu ne da rumfa, sai majo, wato babban ma'aikacin wurin, da ungozoma, da ni. Lokacin zazzaɓi ne, rumfar ba ta rabuwa da mutane. Wata safiya aka kawo wani tsoho a amalanken jaki, gudawa da amai sun tsotse shi, idanunsa sun faɗa. Majo yana can kan wata mai naƙuda, ya leƙo ya ce in sa wa tsohon ruwa kafin ya fito. Na ɗaure masa hannu da roba, na laluba na sami wata 'yar jijiya siririya, kuma don sauri ban ma san da hagu na ɗauki allurar ba. Ɗan tsohon, wani magidanci mai gemu da ya tuƙo amalanken, ya tare ni, idonsa a kan hannuna na hagu.

"Tsaya. Da hauni za ki taɓa min tsoho? Bawa na, ko mi?"

Na mayar da allurar hannun dama. Na soka, jijiyar ta fashe. Na koma ƙasa kaɗan na sake soka, na yi ta lalube a cikin naman bawan Allah. Tsohon bai yi ko tari ba. Ya dai juya fuskarsa bango, na ga yatsun ƙafarsa sun nannaɗe. A haka majo ya fito ya same mu, ya ture ni gefe ba tare da faɗa ba, ya sa ruwan a ɗaya hannun.

Tsohon ya warke, ya koma gida da kumburarren hannu. Ɗansa ya yi wa majo godiya har da durƙusawa, ni kuma ya bi ni da kallon da ake yi wa akuyar da ta shiga gona. Ban ji haushinsa ba, abin da aka koya masa ya yi. Haushin kaina na ji, da na duk wanda ya sa ni wannan ladabin. Ni na yi ladabi, tsoho ya biya da jikinsa. Na zauna a bayan ɗakin magani na yi kuka, kukan fushi, sannan na wanke fuska na yanke shawara. Magani zan miƙa da dama, gaisuwa da dama, ruwan sha da dama, duk na yarda. Amma abin da zai huda fatar mutum, hannun da ya iya shi zai yi. Hausawa da kansu suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle nawa da bai ruɓe ba.

Na faɗa wa majo. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ba ruwansa, in dai ruwa ya shiga jijiya. Sauran kwanakin istaj ɗin da hagu na yi aiki. Na kuma gane wani abu: uwar da ɗanta ke suma a cinyarta ba ta kallon hannun kowa. Manya ne masu sauran ƙarfi ke lura.

Da muka koma Dogon Dutsi, ranar jarrabawa ta matso, ƙawata ta kawo dabara. Ta ce in tsaya ta gefen gadon da bayana zai kare Madam, in yi abina da hagu da sauri, kafin ta gyara tabarau an gama. Na ce mata a'a. Na gaji da ɓoye hannuna kamar kayan sata. In za a kore ni, a kore ni ana ganin abin da na yi.

A babban gidan likita aka yi jarrabawar, a ɗakin mata, da hantsi. Masu dubawa suna tsaye a ƙafar gado da takardunsu, Madam a tsakiyarsu. Wadda ta faɗo mini wata tsohuwa ce daga wajen Tibiri, ramammiya, da 'yarta zaune a tabarma tana yi mata fifita. Na wanke hannu, na jera kayana a faranti, na sa safar hannu. Sannan na yi abin da ba ya cikin darasi. Na durƙusa a gefen gadon na gaishe ta, na tambayi jiki, na ce:

"Inna, ruwa za ni sa maki. Amma in hwaɗa maki gaskiya, ni bahaguwa ta. In na yi da dama, sai na soke ki na sake. In na yi da hauni, in Allah ya so sau guda na. Jikinki na, ke za ki zaɓa."

Ban ɗaga kai ba, amma ina jin idon Madam a ƙeyata. 'Yar tsohuwar ta daina fifita ta ce, "Hauni hwa, Inna. A kira wata."

Tsohuwar ta juyo da kai a hankali ta dubi 'yarta. "Ke aka soka, ko ni?" Sannan ta dube ni, ta miƙo hannunta mai kama da kara. "Ɗiyata, ni da ruwa ya ƙare ma jiki, mi ya dame ni da hannu? In da ƙahwa kika iya, sa ƙahwa. Ki dai yi sau guda, kamar yadda kika ce."

Wata mara lafiya a gadon kusa ta tuntsire da dariya. Ni ban yi ba, don a lokacin na ga irin ramin da na haƙa wa kaina. Na yi alkawari a gaban shaidu, in na kuskure ba ni da wanda zan ɗora wa. Na ɗaure hannun, na shafa, na ɗauki allurar. Na tsaya. Na bar su suna jira, na yi bisimilla a zuci, na saurari jijiyar a ƙarƙashin yatsana har na ji ta sosai. Na shiga. Jini ya leƙo a gindin allurar, na tura robar, na kwance ɗaurin, na manne, ruwa ya fara ɗiga.

"An yi?" in ji tsohuwar.

"An yi, Inna."

"To madalla," ta ce, ta rufe ido.

Madam ba ta ce uffan a kan hannu ba. Tambayoyi ta rufe ni da su, na gudun ruwa da na alamun kumburi da abin da zan yi in jijiya ta toshe, har sai da bakina ya bushe. Na fita ban san matsayina ba. Kwanakin jiran sakamako ko tuwo ba na iya haɗiyewa, ƙanwar babana da nake zaune a gidanta har ta fara tambaya ko iska ce ta taɓa ni.

Na ci, da ƙyar, sunana can ƙasan jeri. Ranar Madam ta kira ni gindin bishiyar dogon yaron da ke tsakar makaranta.

"Kin wuce," ta ce. "Ban ƙara maki komi ba, ban rage maki ba. Amma abin da na hwaɗa maki yana nan. Wata rana za a tashi a bar ki da allurarki a hannu."

"Na sani, Madam."

"To ranar mi za ki yi?"

"In bari su tashi."

Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Ba ta sa mini albarka ba, ba ta kuma tsine mini ba. Ta ce in je in kira mata na gaba.

Gaskiya ta faɗa. Yanzu ina aiki a wani ƙauye a yankin Tibiri, kuma duk babban da zan soka sai na faɗa masa tukuna. Yawanci dariya suke yi su miƙo hannu. Wasu kuwa tashi suke. Daminar da ta wuce wani dattijo ya zo zazzaɓi na kaɗa shi, da ya ji bayanina sai ya laluba takalmansa, ya fita ya zauna a rumfa, wai zai jira abokin aikina da ya tafi rigakafi a rugage. Na bi shi na sake roƙonsa, ya girgiza kai. Na kawo masa ƙwayar rage zafi da ruwa a moɗa, na miƙa da dama, ya karɓa ya sha. Duk yinin nan ina aiki ina leƙensa ta taga, yana ƙudundune cikin mayafi yana karkarwa, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ya jira har la'asar sakaliya da abokin aikina ya dawo, ni ma na jira. Ban ɗauki allurar da dama ba.