Gwanin da ke ɓatar da ƙwallo

Jiya a majalisar ataya ta unguwar Nyohini na buɗe bidiyon da ƙanina ya turo daga Amurka. Wai ana zaɓen gwanayen besbol, ƙwallon da ake bugawa da sanda, na rabin kaka, in jefa wa gwaninsa ƙuri'a ta waya.

Gwanin ya maka wa ƙwallo sanda, ta faɗa cikin 'yan kallo.

Alhassan, mai ajiye ƙwallon tim ɗin unguwarmu, ya dire kofi. "Massa, maigida, wa zai karɓo?"

Na ce, "Ba a karɓowa, gwanintar ke nan."

"A nan wanda ya harba ƙwallo gidan Hajiyar bayan fili shi ke zuwa ba da haƙuri! Zaɓi wancan mai tsuguno yana cafewa."

Shi na zaɓa. Ƙanina ya daina ɗaukar wayata.

Jama'a, tsakani da Allah, Alhassan ya yi ƙarya?