Hitar Wankan Jego

Da matata ta haifi ɗanmu na fari, surukata Hajiya ta taso tun daga Kano don wankan jego. Muna zaune a ƙasar waje, a wani tsohon bene kusa da titin Jalan Semarak, ina karatun digiri na uku a injiniyanci. Gari ne da gumi ba ya barin mutum, amma Hajiya ta ce ruwan maijego sai ya yi zafin da hannu ba zai shiga ba. Babu garwa, babu itace, sai hitar gas da ke maƙale a bangon banɗaki.

Kwana uku lafiya lau. A na huɗu hita ta fara iskanci: ta kama, ta yi minti biyu, ta mutu. Hajiya ta leƙo falo.

"Injiniya, abin nan naku ya ƙi fa. Yarinya na tsaye, ruwa na hucewa."

Injiniya! Ai dole in nuna kaina. Na canza batir. Na jijjiga tukunyar gas, cike take. Na goge bakin wutar da tsohon buroshi. Ta kama, ta sake mutuwa. Raina ya ɓaci. Can na gano wani ɗan ƙarfe kusa da harshen wutar, shi ke yanke gas ɗin. Na ce, au, kai ne munafukin? Na haɗe wayoyinsa na tsallake shi, na mayar da murfi. Wuta ta zauna daram. Na ga ta koma rawaya maimakon shuɗiya, amma na share, don Hajiya na ta sa mini albarka.

Washegari da hantsi ina sa takalmi na ji salati daga banɗaki. Hajiya ta buɗe ƙofa tana tangaɗi, riƙe da kanta. Matata kuwa tana ƙasa, ruwa na zuba a kanta, ba ta motsi. Innalillahi! Na ɗago ta, wuyanta ya langaɓe. Na kira sunanta har muryata ta dushe. Maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan ƙasar, shi ya kwashe mu zuwa asibiti. Sai bayan azahar ta buɗe ido.

Da muka dawo, dattijon ya ce a nuna masa banɗakin. Ya miƙa hannu tagar sama ya fara zaro tsofaffin zannuwa, ɗaya bayan ɗaya. Ashe Hajiya ce ta toshe kowace kafa, har ƙasan ƙofa, kada iska ta shigi maijego.

"Tak boleh, lah," ya ce da yarensu yana girgiza kai, wato ba a yin haka. "Wutar nan iska take ci. In iska ta ƙare, guba take fitarwa. Abin mamaki, ya kamata hitar ta kashe kanta."

Tana kashe kanta ɗin mana, ni na hana ta. Dattijon bai buɗe murfin hitar ba.

Na fassara wa Hajiya rabin maganar, na bar ƙarshenta. Ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Wayyo Allah. Ashe ni na kusa kashe 'yata da hannuna."

Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma kunya da tsoro suka riƙe mini harshe. Da ta shiga ɗaki na lallaɓa na warware wayoyin.

Mun sake haihuwa sau biyu. Duk lokacin da muka ce Hajiya ta zo, sai ta ce, "Ku nemi wata, ni ban iya ba."