Injin Fere Ƙarfe a Garejinmu

Maigidana ya yi aikin ƙarfe a wata masana'anta har kansa ya yi fari, shi ya sa duk layinmu Injiniya ake ce masa. Da ya yi ritaya na ce madalla, na huta da wankin kaya masu baƙin mai. Ashe da sauran aiki a gabana.

Wata rana sai ga motar kaya a ƙofar gida, ƙarti suna ta nishi suna sauke wani ƙaton abu duk tsatsa. Wai injin fere ƙarfe ne, irin wanda ya koyi aiki a kansa, ya tsinto shi wajen masu tsofaffin ƙarafa ana shirin farfasa shi. Kan injin ne ke zamewa gaba da baya a kan wasu layi biyu na ƙarfe, yana fere ƙarfe kaɗan-kaɗan har ya yi sumul. Na ce, "Malam, wannan gawar fa?" Ya ce, "Barci yake yi, ke dai ki zuba ido."

Na zuba idon kuwa, har na gaji. Robar wankina ta koma ta jiƙa notuna da kananzir, tsofaffin zannuwana suka zama tsumma. Abin da ya hana ni tada rigima shi ne hannunsa na dama da ya fara rawa. Likita ya ce rawar ƙaruwa za ta yi ta yi. Burinsa ɗaya, ya ga injin nan yana aiki daidai kafin hannun ya ƙi shi gaba ɗaya.

Layin nan biyu su suka cinye masa watanni. Sai ya shafa shuɗin fenti a wani miƙaƙƙen ƙarfe, ya goga a layin, duk inda shuɗin ya kama tudu ne, sai ya kankare da 'yar wuƙarsa, har shuɗin ya riƙa kama ko'ina. Da safe kawai yake yi, lokacin da rawar ke lafawa. Da ya gama, layin ya cika da 'yan tabo kamar ɓawon kifi. Ya ce a cikinsu mai ke kwanciya, su ne kuma shaidar layin ya miƙe.

Ranar da muka tafi asibiti aka riƙe mu har yamma, sai ƙanena Auta ya zo gidan. Auta gyaran jikin mota yake yi, shi a duniyarsa duk tabo aibi ne. Ya leƙa gareji ya ga layin injin, tausayi ya kama shi, wai Yaya ya karce ƙarfe saboda rawar hannu. Bawan Allah ya je ya ɗauko giranda da samfefa, kayansa na goge ƙarfe.

Muna dawowa ya tare mu yana washe baki. "Yaya, zo ka ga abin mamaki! Na share maka duk karcen nan."

Layin yana ta walƙiya. Malam ya shafa da tafin hannu, ya sake shafawa, ya nemi bokiti ya kifa ya zauna. Ni kam kasa daurewa na yi. Na ce, "Kai Auta, wa ya aike ka? Ƙofar mota ka gani?" Ya ce shi fa taimako ya yi. Taimako! Wallahi da ba cikinmu ɗaya ba, da sai na rufe shi da duka.

Malam cewa kawai ya yi, "Ƙyale shi, bai sani ba." Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Washegari ya shafa shuɗin ya gwada. Ya kama a wuri biyu kacal, sauran duk kwari da tudu. Ya ɗauki wuƙar, ya ɗora, hannun ya fizge ya yi wa ƙarfen mummunan karce. Sai ya ce, "Zo ki riƙe min hannun."

Na kama wuyan hannunsa da hannuna biyu, na matse iya ƙarfina. Ina jin rawar tana ratsowa har gwiwar hannuna. Muka tura tare, wuƙar ta sake zamewa gefe.

Ya ce, "Sake ni haka nan, kada ki ji ciwo."