Kunkurun Tsakiyar Titi

Atamfa na je saye a kasuwar Bab Makka, nan Jidda, na dawo gida ba atamfa. A bakin layin masu yadi akwai wata dattijuwa da ke shimfiɗa leda a ƙasa tana sayar da yaji da kuka da daddawa. A kan kusurwar ledar, don kada iska ta ɗaga ta, ta ɗora wani ƙarfe mai kama da kifaffen kwano. Na wuce shi da taku uku, sai na dawo da baya. Baƙi ne, duk tsatsa, tsayinsa bai kai idon sawu ba, gefensa kuma da 'yan tagogi na gilashi mai kauri, ruwan zuma. Na tsaya a tsakiyar hanya mutane suna ture ni, ban ma ji ba.

Ga dalili. Tun muna yara a unguwar Madain Fahd mahaifinmu yake cewa shi mai aikin lantarki ne a baladiyya, wato hukumar gari, kuma su ne suka dasa fitilun da ke kewaye da 'yan tudun nan na tsakiyar titi, inda hanya ke rabuwa biyu. Gajerun fitilu ne manne da ƙasa, in ji shi, ko mota ta hau su ba sa fashewa, shi ya sa ma'aikatan suke kiransu kunkuru. Matsalar ita ce an tumɓuke su kafin mu yi wayo, ba wanda ya taɓa ganin ko ɗaya a cikinmu. A iƙamarsa kuma, wato katin izinin zama, lebura kawai aka rubuta.

Yayana ya yi karatun lantarki a makaranta, kuma ya daɗe da yanke hukunci cewa Baba rami kawai yake haƙa wa masu aikin, sauran labarin ƙarin gishiri ne irin na tsofaffi. Bai taɓa faɗa a gabansa ba. Kai kawai yake gyaɗawa yana duba wayarsa, har Baba ya gane, ya daina ba da labarin gaba ɗaya. Shirun nan ya daɗe yana ci mini rai, ni kuwa ban iya haɗiye haushi ba.

Na tsuguna gaban dattijuwar. "Inna, don Allah ina kika samo wannan?"

Ta dube ni, ta dubi ƙarfen. "A wani kango na tsince shi. Ke yaji kika zo saye ko dutse?"

Na ce ta sayar mini. Ta ce ita ba ta sayar da bola. "Kawo mini abin da zai danne ledata ki ɗauke shi, halas."

Ni da ƙafata ke ciwo in na hau bene, sai ga ni ina sassarfa cikin abaya ina leƙa lungu-lungu. Na samo rabin bulo a bayan wani shago, na rungumo shi kamar jariri. Ta gwada shi a kan ledar, ta ce ya yi. Ƙarfen nan nauyinsa ya kusa kai na turmi, ya ɓata mini abaya da tsatsa, mai tasi yana ta kallona ta madubi. Bakina har kunne, ina ta roƙon Allah ya sa kada na yi kuskure.

Ranar Juma'a ce, Yaya ya zo cin abincin rana kamar yadda ya saba. Na dire abin a tsakar falo, a kan kafet, ko jarida ban shimfiɗa ba.

"Esh hada? Mene ne wannan?" in ji Yaya. Ya zagaya shi, ya ɗauki hoto, ya shiga bincike a waya. "Fitilar filin jirgin sama ce, ya ukhti. Irin ta titin sauka." Jim kaɗan ya sake lale. "La, la, ta jirgin ruwa ce. Daga mina, tashar jiragen ruwa, aka kwaso ta."

Na ja ƙarfen zuwa gaban Baba, wanda a lokacin idanunsa sun yi yana, inuwa kawai yake gani. Na kama hannunsa na ɗora a kai. Ya shafa saman, ya bi tagogin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Tsoro ya kama ni. In ya ce bai san abin ba, na jawo masa kunya da hannuna a gaban ɗansa.

"Juya mini shi," in ji Baba.

Na juya da ƙyar. Ya lalubo wata 'yar huda a gindin, ya sa ɗan yatsa. Sai ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba.

"Kunkuru ne! Wallahi kunkuru ne. Ta filin jirgi ba ta da wannan nauyi, ta jirgin ruwa kuma tagulla ce. Ga hudar da ruwa ke fita. Ƙirga tagogin, uku ne. Gefe ɗaya a toshe yake, shi ke kallon cikin tudun, don ba mota a can."

Na ƙirga da ƙarfi, uku cif. Na yi guɗa a falo, ni kaɗai, da girmana.

Yaya ya ce, "Tayyib, mu buɗe mu gani." Ya ɗauko kayan aikinsa daga mota. Kusoshin murfin uku ne, sun nutse cikin ramuka, kawunansu kuma masu kusurwa uku. Ya gwada sukundireba, ya gwada filaya, ya gwada sifanu ɗaya bayan ɗaya, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi nake ji.

Baba ya bar shi ya gaji tukuna. Sannan ya ce da ni, "Je kicin, cikin durowar cokula. Akwai wani ƙarfe mai hannu a gicciye."

Na san shi sarai. Da shi marigayiya mahaifiyarmu take fasa ƙanƙara, ni ma da shi nake fasawa duk azumi. Ban taɓa juya shi na kalli bakinsa ba sai ran nan. Rami ne mai kusurwa uku. Na dawo da gudu har na yi tuntuɓe da bakin kafet.

"Kowane ma'aikaci da mabuɗinsa," in ji Baba, "don kada ɓarayi su kwance." Ya sa aka ɗiga man girki a kan kusoshin, muka jira. Ya ɗora mabuɗin a kan kusa, bakinsa ya zauna daram. Ya ƙi a taya shi. Kusa ta farko ta yi ƙara ta juya, na dafe kaina.

Da ya kwance ta uku sai ya danne murfin da tafin hannu. "Kafin ka ɗaga, bari in faɗa maka abin da ke ciki. Robar bakin murfin ba ta kamfani ba ce. Ta kamfani raɓar Jidda ke cinye ta, ruwa ya shiga. Mu tub ɗin keke muke yankawa da almakashi mu sa. Wayar kuma muna ƙulla ta sau ɗaya kafin ta shiga, don in mota ta girgiza fitilar kada ta zare. To, ɗaga."

Yaya ya ɗaga. Ga baƙar roba nan ta bushe ta tsattsage, yankan almakashi a karkace, har da tabon facin keke a jikinta. Ga waya, ga ƙulli.

Yaya ya daɗe yana kallon ƙullin, sannan ya zauna a ƙasa da farar rigarsa, cikin garin tsatsa. Ya juyo wajen Baba.

"Abuya, samihni. Ka yafe mini."

Baba ya lalubo hannun Yaya, ya ɗora shi a kan wayar.

"Riƙe nan, kada ka saki. Bari in nuna maka yadda muke haɗa ta."