Ranar da Adawiyya Ta Kama Sunan 'Yar Farinta

A Kademi, in ka ce Adawiyya mai ƙuli, kowa ya san ta, amma ba don ƙulin ba. Ƙulinta bai fi na kowa ba. Abin da ya sa sunanta ya zaga gari, har yau wasu matan ba su yafe mata ba, ita kuwa ko a jikinta.

Gidansu Fulani ne da suka daɗe da ajiye sanda suka kama fartanya, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Zaituna ce 'yar farinta, kuma tun da aka haife ta, Adawiyya ba ta taɓa kama sunanta ba. Sai dai ta ce "ke" ko "waccan", ita kuma yarinyar Adda take ce mata, kamar yayarta. Ba ta jan ta hira, ba ta yi mata faɗa. Reno ya koma hannun surukarta, Baiwa, tsohuwar da ba ta iya ganin laifin jika.

Sai uban yarinyar, Maikuɗi, direban bas a hanyar Ajingi zuwa Kano, ya bar mata tsohuwar wayarsa. Shi ke nan, Zaituna ta tare a cikin waya. Tuwo ya huce a gabanta, idonta na kan bidiyo. Can ta koyo shaƙiyanci. Wata rana a aji ta ɗauki bidiyon wata yarinya mai in'ina tana fama da karatu, ta tura wa ƙawaye. Aka yi ta dariya har yarinyar ta daina zuwa makaranta. Shugaban makarantar ya aiko cewa a zo a gan shi, in ba haka ba Zaituna ta zauna gida.

Maikuɗi yana hanya. Baiwa ta jawo mayafi, za ta je ba da haƙuri.

"Inna, ki zauna. Ni zan je," in ji Adawiyya.

"Ke? A kan 'yar fari? Ina kunyar taki?"

"Kunyar ce ta kawo mu nan, Inna. Ni na yi shiru, waya ba ta yi shiru ba."

Ta sauke kaskon suya ta tafi, ranta a ɓace. Ta iske ana tara yara a filin makaranta. A gaban malamai, a gaban mata masu sayar da awara, ta ɗaga murya ta ce, "Zaituna, zo nan."

Yarinyar ta tsaya cak kamar an dasa ta. Uwar ta karɓe wayar, ta sa ta goge bidiyon, ta tasa ƙeyarta har gidan su mai in'ina ta roƙi gafara. Washegari tare yaran biyu suka koma aji.

Tun daga ranar wayar ta koma cikin kwalla a ɗakin Adawiyya. Ba ta fitowa sai bayan la'asar, in an gama aikin makaranta, kuma tare suke kallo suna ɓarar gyaɗa. Abin da bai yi wa uwar ba, nan take ta faɗa. Maƙwabta suka ce ta zubar da mutuncin gida. Ta ce su tsince shi su riƙe, ita 'yarta take so.

Wata yamma suna ɓara, Zaituna ta kife wayar a kan tabarma da kanta.

"Adda, ki sake faɗa mana."

"In faɗi me?"

"Sunana."