Tsohon da Aka Ce Hannunsa Karkarwa Yake Yi

Shekarun baya, ina sabon zuwa Jidda, na yi aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibitin kuɗi. Iƙamata, wato takardar izinin zama, ko wata shida ba ta yi ba, kuma asibitin ne kafilina, shi ya tsaya mini, saboda haka a lokacin ko mai shara ya ɗaga mini murya, "na'am" nake cewa.

Sai aka kawo mana wani tsohon Bature, ya haura tamanin, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. 'Yarsa ce ke jinyarsa. Ta ce aikin tashar jiragen ruwa ya kawo shi tun kafin a haife ta, ya musulunta, ya auri mahaifiyarta, ya zauna a unguwar Ammariyya bai sake komawa ƙasarsu ba.

Mako biyu ina ɗaga masa hannu da ƙafa, ina yi masa magana, ko kallona ba ya yi. Yatsunsa na hagu ne kawai ba sa hutawa a kan ƙarfen gado. Likitan da ke duba shi ya ce karkarwa ce, tsohon ba ya fahimtar komai. Ya yanke cewa ranar Alhamis za a daina gashin, a ba shi maganin da zai kwantar da hannun, a mai da shi gida. Duk wanda ya yi aikinmu ya san ma'anar wannan: kwanciya ce har mutuwa.

Ni kuwa kunnena ya ƙi yarda. Karkarwa ba ta da tsari, wannan kuwa tafiya take huɗu-huɗu, ta yi ɗan tsalle, ta dawo inda ta tashi. Kiɗa ne. Yadda aka yi na gane shi ne abin da nake ɓoyewa. Mahaifina makaɗin kalangu ne, na mahauta, a gindinsa na tashi. Tun da na shiga jami'a na binne zancen. Kun dai san mu da makaɗi: a yi rawa da kiɗansa, in ya zo neman aure a ce ba a san asalinsa ba. A Jidda kuma, inda ake ce mini "dakta" a wajen ɗaurin aure, ina ni ina tone-tone?

Na roƙi likitan ya zo ya gani. Ya taho da abokin aikina, wani nas Bahaushe haifaffen unguwar Nuzla, mutumin kirki amma cikinsa ba ya riƙe magana. Ganinsa ya sa na noƙe, na kasa sakin kiɗan da na yi niyyar gwada tsohon da shi. Na ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsa ɗaya kamar mai sallama a gidan surukai. Tsoho ko gezau. Likita ya duba agogo ya fice.

"Halas, ya akhi, a bar zancen," in ji abokin aikina. "Kai sabo ne. Kada ka ja da duktur, iƙamarka a hannunsu take."

Gaskiya ya faɗa, amma abin ya tsaya mini a rai, don na san ba tsohon ne ya kasa ba, ni ne. Na tari 'yarsa na ce, "Hajiya, don Allah Baba ya taɓa yin kiɗa?"

Ta waiwaya ko wani ya ji, ta wuce. Washegari ta zaro kwalin wani tsohon faifai daga jakarta. A hoton, baƙaƙen Amurkawa biyu ne a gaba riƙe da abin busa, can baya wani siririn saurayi zaune cikin ganguna, sunansa a ƙasa da ƙananan baƙi. Ta ce bayan yaƙin duniya kiɗan jaz yake yi, irin mai saurin nan da ake kira bibob. Duk mabushin da ya sauka garinsu daga Amurka, shi ake nemowa ya riƙe masa kiɗa. Da yayin ya wuce aka manta da shi, shi ma ya rufe babin. "Ko yarana ba su sani ba," in ji ta.

Ranar Laraba na kafe a ƙofar likitan har ya gama ganin mutane. Na ce, "Minti biyar, duktur. In bai amsa ba, ni zan fara sa hannu a takardar sallama." Ya taso yana tsaki, abokin aikina na biye. Na kife tiren abinci a kan gado, na naɗe hannun riga, na saki taken mahauta da hannu biyu, yadda mahaifina ke tashin kasuwa. Sai na tsaya cak, na bar masa gurbi.

Yatsun tsoho suka tsaya, karon farko da na gani. Sannan ya cike gurbin daidai. Na sauya, ya sauya. Na ƙara sauri, ya wuce ni, yana jefo bugu inda ban zata ba har na ɓace. Ina ɓacewa ya juyo ya galla mini harara. Wallahi ban taɓa jin daɗin harara irin wannan ba. 'Yarsa ta fashe da kuka. Likita ya ce a ci gaba da gashi.

A bakin ƙofa abokin aikina ya riƙo ni. "Wallah wannan hannun ba na koyo ba ne. Ɗan makaɗi ne kai?"

Na ce, "Na kalangu ma. Je ka faɗa."

Ya kuwa faɗa. An yi mini ba'a ta mako biyu, ba wanda ya mutu.

Da kiɗa muka ƙarasa gashin. Magana ba ta dawo ba, amma ya zauna da kansa, ya riƙe cokali da hannun dama, ya yi sama da shekara a haka kafin Allah Ya karɓi abinsa. Daga baya na nemi sunansa a intanet, layi ɗaya na samu, ko ranar rasuwarsa babu. Har yau abin na yi mini ciwo, kuma kunyata ta kusa sa in taya a binne shi da ransa.

Ranar da muka sallame shi, a gurbin sana'a na takardar sallamar an rubuta "babu". Na soke, na rubuta "makaɗi". Ni kuwa tun ina makaranta, in aka tambayi sana'ar mahaifina, "manomi" nake rubutawa.