Ɗanyen Turke

Sale ɗan baffana ya cinye mini gona, kuma bai matsar da iyaka ko taku ɗaya ba. Gambar da mahaifina ya dasa a gefe tana nan inda take. Mangwaro kawai Sale ya dasa a ciki. Da wannan na fara, don kada wani ya ce ina kewaye-kewaye.

Ni da shi a gaban kakarmu Iya muka tashi, a wani ƙauye can bayan Buji, inda a lokacin ko amalanke sai shanu sun yi da gaske suke fitar da shi daga yashi. In damina ta zauna fadama ta cika, mai son zuwa Dutse sai ya naɗe wando ya ɗora kayansa a ka. Ba mu san komai na duniya ba sai abin da Iya ta faɗa mana.

Da an gama girbi sanyi ya shigo, takan hura wuta da kara a tsakar gida bayan sallar isha'i, ta binne dankali a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Har yau in na ji ƙaurin kara sai muryarta ta dawo mini, 'yar siririya, tana fita ta giɓin haƙoranta. Dararen nan suna da daɗi, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma wuri ɗaya kowa ke so, cinyarta, kuma wurin Sale ne.

"Ku matsa wa angona," haka take cewa. "Kai Haladu mai kunnen zomo, koma can ka riƙa tura kara."

Na girme shi, na fi shi aikuwa, ni nake ɗebo mata ruwa. Duk da haka dankalin farko shi take ɓare wa, ta hura ta sa masa a baki. Ya ci ya lumshe ido, kafin tatsuniya ta kai rabi ya yi laƙwas. Mai saurare yana cikin hayaƙi, mai barci yana kan cinya.

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata ta taso, wa zai tare ta?" Mu ce mu ne.

Wai wani falke ne zai yi tafiya mai nisa. Ya gama ɗaure wa jakunansa kaya, sai ga maƙwabcinsa janye da akuya. Ya ce, "Ara mini tafin hannu ɗaya a ƙofar gidanka in kafa turke." Falke ya yi dariya ya ce, tafin hannu kuma har sai an roƙa? Kafa. Maƙwabci ya je ya saro reshen cediya ɗanye shar ya kafa. Akuya tana zuba taki a gindi, ruwan sama ya sauka, turke ya yi toho. Ko da falke ya dawo bayan shekaru, sai ya tarar da ƙatuwar bishiya. Mahauci ya kafa tukuba a inuwarta, tsofaffi suna dara, baƙo in ya tambayi hanya sai a ce ya bi ta cediyar Mai-akuya. Saiwa kuwa ta shiga ƙarƙashin katangar falke ta tsaga ta. Ya kai ƙara gaban sarki. Sarki ya ce, "Ka ara masa?" Ya ce ya ara. "Ka duba turken?" Ya ce bai duba ba. Sarki ya ce, "Ƙasa taka, itace nasa. Ku tashi."

A nan Iya takan nuna mu da tsinken da take tona toka. "In aka ari wurinku za a kafa turke, ku sa farce ku kankare. In kun ga kore, ku ce akuyar ta kwana a sake."

Ni na haddace ta tun daga kai har wutsiya. Sale kuwa yana kwance, ido a rufe.

Iya ta rasu, mahaifina ya bi ta, gonar bakin fadama ta faɗo hannuna. Sai damina ta yi mana gardama, rumbu ya tashi wayam. Boko ban wuce firamare ba, ba ni da takardar da zan nuna wa kowa, don haka na bi motar shanu zuwa Kurmi da niyyar rani ɗaya. Na bar wa Sale gonar aro. Ko yaro a ƙasarmu ya san dokar aro: ka shuka abin da za ka girbe ka tafi, gero ko wake ko gyaɗa. Ba a dasa itace. Ina sa ƙafa a mota ya riƙo hannuna ya ce, "Yaya, rana tana dukan mutum a gonar nan. In ɗan sa abin inuwa?" Direba yana ta danna ham. Na ce sa.

Rani ɗaya ya zama shekaru. Na yi dako, na yi gadi, na tura baro har bayana ya lanƙwashe. Ranar da na dawo da jaka ɗaya, na tarar an shimfiɗa titi ya biyo ta bakin fadama. Yaron mota ya leƙo ya ce, "Masu sauka a lambun Alhaji Sale." Na duba ta taga. Gonata ce, ta yi duhu da mangwaro layi-layi, ana loda wa wata babbar mota. Gidansa na bulo ne yanzu, 'ya'yansa suna karatu a Dutse, nawa suna tsince masa wanda ya faɗo.

Muka je gaban dagaci. Dattawa suka tambaye ni ko na yarda ya sa abin inuwa, na ce na yarda. Da suka yanke hukunci, wallahi kamar Iya ce ta taso ta faɗa musu a kunne: ƙasa tawa, itace nasa. Na gwada shuka gero a ƙarƙashi, ya fito kamar gashin kan tsoho. Duk lokacin mangwaro kuma sai Sale ya aiko mini da kwando ɗaya gida. Wannan kwandon ya fi hukuncin ciwo.

Mutanen gari suna cewa hassada nake yi. Ina yi. Wa zai ga ƙasar ubansa ta kai wani Makka ya yi tafi? Amma abin da ya fi cina ba mangwaron ba ne. Na daɗe ina ɗauka Iya gargaɗi take mana gaba ɗaya. Sai yanzu na gane tatsuniya ɗaya ce, amma kowa da inda ya zauna a cikinta. Ni ta koya mini tausayin falke. Shi ta koya masa irin icen da ake sara.

Juma'ar da ta wuce na zauna da liman da dagaci, na faɗa musu abin da na yanke, suka shaida. Daga nan na wuce gonar. Sale yana zaune a inuwa ana ɗaure masa kwanduna.

"Yaya, sannu da zuwa. A kawo maka tabarma."

Na ce, "Bar tabarmarka, Sale. Ashe ba barci kake yi a cinyar Iya ba. Dattawa sun ce itace naka, ban yi musu ba. Sun ce ƙasa tawa, kai ma ba ka yi musu ba. To maƙabartar gari ta cika, na ba jama'a gonar nan fisabilillahi, daga gamba zuwa gamba. Ba wanda zai taɓa maka reshe. In Allah ya sa ni za a fara kawowa, ka zaɓa mini gindin bishiyar da ta fi zaƙi. Sai ka je Dutse ka nemi mai sayen mangwaron maƙabarta."